Yadda muka kafa dokar magana a zauren 'yan gem ɗinmu na Garwa

Ina da ɗan shagon gem a Garwa da ke arewacin Kamaru, talabijin da na'urorin PlayStation da bencina. Yara na zuwa bayan makaranta su buga ƙwallo, manya kuma sai bayan isha'i. Da wasannin waya suka karɓe gari, musamman Free Fire da PUBG Mobile, sai ya zama mutum ba ya buƙatar takowa shagona kafin ya yi wasa. Daga ɗakinsa zai haɗu da na Marwa da na Ngaundere da na Kuseri, har da 'yan Njamena da ke tsallaken kogi. Don a riƙa shirya gasa ne na buɗe zauren WhatsApp, kuma bai daɗe ba ya cika maƙil, mutum 256, wanda a lokacin shi ne iyakar abin da zaure ke ɗauka. Kyautar gasa daga aljihuna take fita da na wani mai sayar da wayoyi a babbar kasuwa, ba a karɓar ko sisi daga 'yan wasa, don kada abin ya rikiɗe ya zama caca.

A zauren ana yin Hausa, ana yin Fulatanci, ana yin Faransanci, 'yan Kuseri da Njamena su ƙara da Larabcin Shuwa, wani lokaci duka a saƙo ɗaya. Zagin wasa kuwa ba a magana. Wanda aka ci ya san zai kwana ana yi masa tsiya. Ba mu da wata doka a rubuce, mu uku ne admin, ni da wasu samari biyu da suka fi kowa daɗewa a shagon.

A farkon watan Disamba na 2021 rikici ya sake ɓarkewa a yankin Logone-Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da Musgum masunta da manoma, a kan ruwa, kamar yadda aka yi a watan Agusta na shekarar. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kuseri, aka ƙone kasuwar shanu, dubban mutane, yawancinsu mata da yara, suka haye Chadi. Muna da 'yan wasa daga ɓangarorin biyu. Wasu sun ɓace daga zauren gaba ɗaya, ba mu san halin da suke ciki ba. Ana cikin haka wani matashi, wanda ma ba a Kuseri yake zaune ba, ya turo wani bidiyo na gawarwaki da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ya biyo shi da saƙon murya yana zagin ƙabila guda, yana cewa abin da ya kamata a yi musu. Ba zan maimaita kalamansa ba. Kafin in gama sallamar masu wasa in duba waya, martani ya wuce a ƙirga, kuma wasu martanin sun fi nasa muni.

Abin da na fara yi shi ne rufe zauren, na mayar da shi sai admin kaɗai ke iya turo saƙo. A wancan lokacin admin ba shi da ikon goge saƙon wani, sai a 2022 WhatsApp ya kawo wannan, shi ma mai saƙon yana da sa'a ɗaya da 'yan mintuna ne kawai ya janye abin da ya turo daga wayoyin kowa. Na kira shi a waya na ce ya goge tun lokaci bai ƙure ba. Ya ce: "Yaya, ni gaskiya na faɗa. Ina da 'yancin faɗar albarkacin bakina." Ya ƙi. Ɗaya daga cikin admin ya cire shi nan take.

Washegari shagon ya cika da mutanen da ba wasa suka zo yi ba. Wasu na cewa an yi daidai. Wasu na cewa to me ya sa aka cire shi kaɗai alhali waɗanda suka rama suna nan? Wani ɗalibin lise, wato babbar sakandare, ya ce mun zama kamar gwamnatin da ta toshe intanet a yankunan masu Ingilishi wata uku a 2017, ɗan Njamena ya turo min saƙo cewa su sun sha wata 16 ba WhatsApp ba Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, kada mu kawo musu irin wannan a zauren wasa. Maganarsu ta tsaya mini a rai, domin tambayar farko tana da gaskiya: wanda aka cira ba a gaya masa wace doka ya karya ba, tunda babu ita, kuma ba a ji ta bakinsa ba. Cire shi ya dace a ganina har gobe. Amma hanyar da aka bi, ita ce za a iya bi gobe a cire wanda bai yi komai ba sai cin admin a wasa.

Na nemi ɗan baffana da ya karanta shari'a a Jami'ar Ngaundere. Muka zauna a bayan shagon da shayi, na ba shi wayar ya saurari komai. Ya ce min abu biyu ne a nan, kuma mutane na cakuɗa su. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ambaci 'yancin faɗar ra'ayi a gabatarwarsa, amma wannan kariya ce tsakanin ɗan ƙasa da hukuma. Ko a Amurka, inda aka fi tinƙaho da wannan 'yanci, gyaran farko na kundinsu, na 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai hana mai wuri ya tsara wurinsa ba; har ma suna da wata doka ta 1996, sashe na 230, da ta bai wa masu shafukan intanet kariya idan suka cire abin da suke ganin bai dace ba. Ya ce: "Yaya, zaurenka kamar zauren gidan Baba ne. Duk wanda ya zo ana shimfiɗa masa tabarma, amma in ya fara zagin sauran baƙi, maigida zai ce ya tashi, kuma babu alƙalin da zai ce an tauye shi, tunda titi na nan, bakinsa na nan."

Abu na biyun shi ya fi tayar mini da hankali. Ya ce tun ranar 24 ga Disamba 2019 an ƙara sashe na 241-1 a dokar hukunta laifuka ta Kamaru: wanda ya yi kalaman ƙiyayya ko ya tunzura a kai wa mutane hari saboda ƙabilarsu, ta kowace hanya, yana fuskantar ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Ga kuma dokar laifukan intanet ta Disamba 2010, wadda sashenta na 78 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba. Wancan bidiyon da ba a san asalinsa ba ya isa. Ya tuna mini samarin nan uku da kotun soja ta Yawunde ta yanke wa shekara 10 a 2016 saboda saƙon waya na raha a kan Boko Haram. Mu 'yan arewa ba ma buƙatar a tuna mana Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, da aka kama a Marwa a 2015 bai fito ba sai ƙarshen 2017. A ƙasar da saƙo ɗaya ke iya kai mutum kurkuku, zauren da ke da mutum 256, kowa na iya ɗaukar hoton allo ya miƙa inda ya ga dama, barin yaro ɗan shekara 16 ya rubuta duk abin da ya zo bakinsa ba gata ba ne a gare shi.

Daga nan muka tsayar cewa sai an rubuta doka, kuma ba admin kaɗai za su rubuta ta ba. Na nemi mutum bakwai: Bahaushe, Bafulatani, Babarbare, Balaraben Shuwa ɗan Kuseri, Musgum da ke karatu a Garwa, wata yarinya da ta fi yawancin mazan iya Free Fire, da wani Kirista ɗan Tupuri. Waɗanda ke nesa muka haɗa su ta kiran waya. Zauren ya ci gaba da zama a rufe, ina turo jadawalin gasa kawai.

Abubuwan da na zaci za su yi wuya sun wuce cikin sauƙi. Babu hotunan batsa, babu hotunan gawa, babu zagin iyaye, babu ɓatanci ga addinin kowa, babu bin mace da saƙonni a keɓe bayan ta ce a'a, babu fitar da lambar wani ko hoton gidansu. Yarinyar ce ta kawo na biyun ƙarshe, kuma da ta nuna mana irin saƙonnin da take samu bayan duk wasan da ta ci, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Inda muka maƙale shi ne siyasa. Mafi yawa suka ce a hana ta ɗungurungum, zauren wasa ne, wanda ke son siyasa ya nemi wani wuri. Na fahimce su, hanya ce mai sauƙi. Amma Musgum ɗin nan ya yi wata magana a hankali. Ya ce a kwanakin da ake rikicin, ta zauren nan ne wani abokin wasansa Balarabe ya sanar da shi cewa ya ga ƙanwarsa lafiya a tsallaken kogi. Ya ce in an hana maganar abin da ke faruwa a gari, an hana wannan ma. Ɗan baffana ya ƙara da labarin kamfanin Blizzard, mai gem ɗin Hearthstone: a Oktoban 2019 wani ɗan Hong Kong mai laƙabin Blitzchung, ɗan wasan Hearthstone, ya furta goyon bayansa ga masu zanga-zangar garinsu a hirar bayan wasa, kamfanin ya dakatar da shi shekara guda ya kuma ƙwace kuɗin da ya ci. Dokar da aka kama shi da ita ta ce duk abin da kamfanin, a ganinsa shi kaɗai, ya ɗauka zai ɓata masa suna ko ya ɓata ran wani ɓangaren jama'a laifi ne. Da duniya ta yi ca, suka rage zuwa wata shida suka mayar masa da kuɗinsa. Kamfanin yana da ikon yin abin da ya yi, wasansa ne. Amma dokar da aka rubuta ta da faɗi haka, duk wanda mai iko ya ga dama zai iya jefa shi ciki.

Ni a nan na tsaya, kuma na faɗa musu ƙarara. Ban yarda a hana mutum cewa hanyar Garwa zuwa Ngaundere ta lalace ba, ko wutar lantarki ta ɗauke tsakiyar gasa, ko an kashe mutane a garinsu yana baƙin ciki. Abin da za a hana shi ne ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa duka, da kiran a cutar da wani, da turo labarin tashin hankali wanda mai turowa ba zai iya faɗin inda ya samo shi ba. Yaƙin neman zaɓe, hotunan 'yan takara da taken jam'iyya, wannan mun yarda a bar shi waje, ga kowace jam'iyya, ba a ware ko ɗaya ba. Muka rubuta cewa kyautar da mutum ya riga ya ci tasa ce ko da an kore shi gobe.

Sai wasan taubasai. Wannan ya fi siyasa cin lokaci. Bafulatani da Babarbare a zaurenmu ba sa gaisawa sai da tsokana, wannan ya ce wa wancan bawana, wancan ya rama, kowa ya yi dariya. Haka suka taras iyayensu na yi. Baƙon da bai san wannan ba, in ya karanta, zai rantse faɗa ake yi. In muka rubuta "babu ambaton ƙabila da tsiya", mun kashe abin da ke sa mutanen nan son juna. In muka bar ƙofar a buɗe, duk mai ƙiyayya zai ce ai wasa nake yi. Babarbaren cikinmu ne ya warware. Ya ce wasan taubasai yana da sharaɗi tun asali: tsakanin waɗanda al'ada ta haɗa ake yin sa, kuma ba a yin sa a gidan makoki. Muka ɗauki wannan. Tsokana tana halatta tsakanin masu wasan da juna, in wanda ake tsokana ya ce ya isa to ya isa, kuma duk ƙabilun da ke cikin rikici a lokacin, ba a taɓa sunansu da wasa sai ƙura ta lafa. Manyan kamfanoni yanzu suna sa na'ura ta saurari muryoyin 'yan wasa, kamar yadda Call of Duty ya fara a 2023. Wannan sharaɗin namu kuwa sai wanda ya tashi a cikin mutanen nan ne zai iya aiki da shi, shi ya sa nake ganin hukuncin irin wannan zaure ya kamata ya zauna a hannun 'yan cikinsa.

Game da hukunci muka ari tsarin ƙwallo, tunda kowa ya san shi. Katin gargaɗi na farko a keɓe ake ba mutum, ba a gaban jama'a ba, don kunyata mutum a bainar jama'a taurin kai kawai yake ƙara masa. Na biyu, fita na mako guda. Jan kati, wata guda da rasa gasa ɗaya. Kira ga tashin hankali da batsa su kaɗai ne ake cire mutum nan take, amma ko su sai an saurare shi daga baya. Ɗalibin lisen nan ya kawo labarin League of Legends, inda daga 2011 kamfanin ya riƙa bai wa 'yan wasa rubutun hirar wanda aka kai ƙara su karanta su kaɗa ƙuri'a, a hukunta ko a yafe. Mun so tunanin, amma ba mu yarda a sa mutum 256 su yi wa mutum ɗaya shari'a ba, wanda ya fi abokai shi zai riƙa tsira. Muka ce mutum uku za su zauna, ana sauya su duk bayan gasa biyu, kuma wanda abin ya shafa ko ɗan unguwarsu ba ya zama. Admin yana cirewa, amma ba ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba yana da mako guda ya nemi wasu uku su sake dubawa.

Dokar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ba kowa ke karanta boko ba, don haka muka naɗe ta da murya da Hausa da Fulatanci da Faransanci da Larabcin Shuwa. Na buɗe zauren dab da fara gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, lokacin da garin ya cika da baƙi saboda wasannin da ake yi a filin Rumde Ajiya. Na ce duk wanda ya amince ya rubuta "na yarda", wanda bai amince ba ƙofa a buɗe take, ba gaba ba faɗa. Wasu sun fita. Ɗaya ya bar saƙo cewa shi wasa ya zo yi ba makaranta ba. Ban ji haushinsa ba.

Shari'ar farko ita ce ta wanda ya tayar da ƙurar. An kira shi ta waya, mutum ukun suna zaune a shagon bayan an rufe. Da farko ya dage a kan 'yancinsa. Sai aka kunna masa muryarsa ya ji. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ɗan'uwan mahaifiyarsa ya rasa dabbobinsa a rikicin, kuma bidiyon daga wani zaure ya samo shi, bai san na ina ba ne. An yi masa jaje da gaske. Aka ce masa baƙin cikinsa yana da wuri a zauren, kiran a kashe mutane ne ba shi da wuri. Tunda dokar ba ta nan lokacin da ya yi laifin, kwanakin da ya riga ya yi a waje aka ɗauka a matsayin hukuncinsa, da sharaɗin ya nemi afuwa da bakinsa. Waɗanda suka rama da zagin ƙabilarsa su ma aka ba su gargaɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya turo afuwar, gajeriya, da Larabci da Hausa. Wasu sun amsa, wasu ba su amsa ba, kuma ba mu tilasta wa kowa ba.

Ranar da na san dokar ta kama ƙasa ita ce ranar da ta hau kan admin. Bayan 'yan watanni ɗaya daga cikin abokan aikina ya cire wani yaro saboda ya ce an yi son kai a jadawalin gasa. Yaron ya kai ƙara. Mutum ukun suka duba suka ga bai zagi kowa ba, suka ya yi, kuma sukar masu shirya gasa ba ta cikin abin da aka hana. Aka dawo da shi, aka karɓe admin daga hannun abokina na wata guda. Ya zo shagon ransa a ɓace ya ce: "Yaya, a gaban yara za a yi mini haka?" Na ce masa in dokar ba ta kama mu ba, yaran ba za su sake yarda da ita ba. Ya daina zuwa na ɗan lokaci, daga baya ya dawo, kuma tun daga nan ake fitar da jadawali ta ƙuri'a a gaban kowa.

Abin da har yanzu bai daidaita ba shi ne maganar da ake yi da baki a cikin wasa. Rubutu a zaure yana barin shaida, amma abin da aka faɗa a tsakiyar fafatawa da na'urar kunne ya wuce ya wuce, sai dai in wani yana naɗar allo. A nan ne mata da ƙananan yara suka fi shan zagi, a nan ne kuma aka fi yi wa mutum ƙage. Mun sa sai da shaidu biyu da ba 'yan tawaga ɗaya ba, kuma a wasannin kusa da ƙarshe da na ƙarshe dole ɗaya daga cikin masu shiryawa ya naɗi wasan daga farko har ƙarshe. Data take ci sosai, shagon ne ke biya. Sauran wasannin kuwa ana ta kawo ƙorafin da ba za mu iya tabbatarwa ba, kuma yarinyar nan ta nemi a zaman da za mu yi bayan gasa mai zuwa a duba ko za a yarda da shaidar mutum ɗaya idan wanda ake ƙara an taɓa ba shi gargaɗi a kan irin laifin.